Wasan kwaikwayon yara: ya za a yi kurame su fahimci abin da ake yi a dandamali?

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka san harkar dirama ko suke mu'amala da kurame.

Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta nan cikin Kano, ni nake riƙe da kulob ɗin dirama, duk ƙarshen zango na uku muna yin wasa ranar rabon kyaututtuka. To bana shugabar makaranta ta ce za a gayyato yara daga makarantar kurame su zo kallo, saboda akwai ɗalibarmu 'yar aji huɗu da ƙaninta kurma ne, mahaifiyarsu ce ma ta kawo shawarar. Wasan tatsuniyar gizo da ƙoƙi ce muka mayar dirama, akwai sarki da fadawa, akwai waƙa guda biyu, gaba ɗaya bai wuce minti arba'in ba. Shugaba ta ce kawai a ɗauko mai fassara ya tsaya a gefen dandamali irin yadda ake yi a labaran talabijin, shikenan an gama. Ni kuma wlh zuciyata ba ta kwanta ba, yaro ɗan shekara bakwai ta ina zai kalli gizo yana tsalle-tsalle a tsakiya kuma ya kalli mai fassara can a lungu lokaci ɗaya? Saura kusan wata biyu, kuɗi kuma kun san yanayin da ake ciki. Me ya kamata in yi?

Tafinta_Zazzau:

Wa alaikumus salam Malama. Sannu da ƙoƙari, kuma gaskiya tunaninki daidai ne. Aikina kenan fassara da hannu, asibiti, kotu, taron biki, wani lokaci wasan makaranta, kuma wasan yara shi ya fi kowanne wahala.

Tsayar da mai fassara a gefe shi ne mafi sauƙi kuma mafi araha, shi ya sa kowa yake gudu can. Amma kamar ka gayyaci mutum walima ne ka ajiye masa tuwo a ɗaki ɗaya miya a wani ɗakin. Yaron in ya kalli hannuna ya rasa faɗuwar da gizo ya yi, in ya kalli gizo ya rasa abin da aka ce, sai ki ga duk hall an fashe da dariya shi yana waige-waige yana neman abin da ya faru, kafin minti goma ya gaji ya koma hira da na kusa da shi. Babba zai iya daurewa, yaro ba zai daure ba.

Masu harkar a ƙasashen waje suna da hanya biyu bayan wannan. Ɗaya a raba dandamalin gida biyu, mai fassara ɗaya a dama ɗaya a hagu a kan dandamalin kansa, duk inda wasa ya koma na wajen shi yake ɗauka. Ɗayar kuma wadda na fi so wa yara, mai fassara ya zama inuwar ɗan wasa, wato ya sa kayan wasa shi ma, ya shiga ciki, duk inda gizo ya yi yana kafaɗarsa. A wasanki ma abin ya zo da sauƙi tunda akwai fada, ki naɗa masa rawani ki sa shi bafade ko sankira, dama a fada ai akwai mai maimaita maganar sarki, ba wanda zai ga baƙon abu. Sai dai wannan yana buƙatar ya zo rihasal da yaran sau da yawa, ba ranar wasa kawai ba.

Ko wacce kika zaɓa dan Allah ki kula da waɗannan. Ki ba shi rubutun wasan tun yanzu, ba a fassara dirama nan take, sai an zauna an tsara yadda kowane hali zai fito, sarki da nasa tsayuwar, ƙoƙi da nata. Mutum biyu za ki nema ba ɗaya ba, domin mu a ƙa'ida muna karɓar juna duk bayan minti 20 zuwa 30, hannu da ƙwaƙwalwa suna gajiya, ga shi kuma in mutum biyu suna musu a wasa ya fi fitowa in masu fassara ma biyu ne. Haske ya sauka a fuskarsa, kar a tsayar da shi taga tana bayansa, domin rabin maganar a fuska take, ɗaga gira ko tsuke ta shi yake nuna tambaya ce ko umarni. Riga mara ado mai kala ɗaya wadda hannunsa zai fito a kanta, ba atamfa mai zane-zane ba. Sannan yaran kurame a layin gaba, kar a jera manyan baƙi da babbar riga da hula a gabansu kamar yadda aka saba.

Dan_Kwari:

Ni ina ganin ana wahalar da abu mai sauƙi. Ki ari firojekta ki rubuta duk maganganun suna fitowa a bango, kowa ya karanta. Ba kuɗin mai fassara ba dogon rihasal.

Abba_Kurma:

Salam. Ni kurma ne, sanƙarau ne ya tafi da jina a annobar 1996 ina yaro, shi ya sa nake iya rubuta Hausa, na riga na iya magana kafin abin ya same ni. Yawancin 'yan uwana da aka haifa haka ba su samu wannan ba.

Ɗan Kwari, rubutu a bango yana taimakon irina, wanda ya kurmance bayan ya iya yare. Yaron da aka haifa kurma ɗan aji ɗaya ko biyu bai iya karatu da saurin magana ba, kuma Hausar rubutu wani yare ne daban a wurinsa, a makaranta ma da Turanci ake koya masa rubutu. Ga maganar wuta, in janareto ya tsaya shikenan wasa ya ƙare masa. Kar kuma wani ya ce ai suna karanta leɓe. A leɓe ba ka ganin bambancin k da ƙ da g, ba ka ganin karin sauti ya hau ko ya sauka, ballantana ɗan wasa yana nesa yana juya baya ko ya manna gemun auduga.

Malama, tambayar da nake so ki fara yi kafin komai ita ce wane yaren hannu yaran da za su zo suke yi. Mutane suna ɗauka guda ɗaya ne duk duniya, ba haka ba ne, nan Kano kaɗai biyu ne. Akwai na makaranta wanda asalinsa na Amurka ne. Wani baƙar fata ɗan Amurka, shi ma kurma, Andrew Foster, shi ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957 sannan ya buɗe a Ibadan a 1960, daga nan yaren ya bazu makarantun Najeriya, yanzu ya ɗan sauya ya zama namu amma saiwar can take. Sannan akwai maganar hannu, tamu ta gargajiya, wadda bebaye suke yi a kasuwa da tasha da dandalin hira tun kafin a san wata makaranta, har sarkin bebaye muke da shi. Wata Bajamushiya mai binciken harshe, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kanta a shekarar 2000. Makarantar kurame ta Tudun Maliki a nan Kano tun 1977 take, to kin ga akwai waɗanda suka taso da na makaranta, akwai waɗanda na gari kawai suka sani, da yawa kuma muna haɗa biyun.

Me ya sa wannan ya shafi wasanki? Saboda mai fassara da ya yi karatu a kwaleji yawanci na makaranta ya iya, wasu ma bin Turanci suke kalma bayan kalma, suna ta harhaɗa haruffa da yatsu. To wasanki da Hausa ne, sai ya juya Hausa zuwa Turanci a kansa sannan ya juya zuwa hannu, kafin ya gama gizo ya bar wurin. Kuma ƙananan yara da aka kawo makaranta kwanan nan, musamman daga ƙauye, ba su gama kama na makarantar ba, abin da suka zo da shi alamun gida ne da na gari. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, wasu sai sun kai shekara takwas tara ba wanda ya taɓa ba su labari cikakke daga farko zuwa ƙarshe. Ke kin ji tatsuniyar gizo a bakin kakarki da dare bayan an kashe fitila. Su a duhu ba su ganin hannu, ba su taɓa samun ta ba. Wataƙila ranar wasanki ce rana ta farko da za su san waye gizo.

Shawarata, kar ki gama tsara komai sannan ki kira mu kallo. Ki je makarantar yanzu, ki nemi malami kurma, ba mai ji da ya iya hannu ba, kurma. Ki ba shi labarin ya ba da shi da hannu a gabanki ki ga yadda yake. Akwai ƙungiyar kurame ta ƙasa tana da reshe a jihohi, za su haɗa ki da wanda ya iya ba da labari, domin a cikinmu ma ba kowa ne gwani ba. Kuma in da hali ki sa yara kurame biyu ko uku a cikin wasan su ma su hau dandamali.

Baffa_Dirama:

Malam Abba Allah ya saka da alheri, ka faɗi abin da ya fi muhimmanci. Ni dirama na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, bari in ƙara ta ɓangaren wasan kansa.

Wannan abu da Abba yake cewa a sa kurame tun daga tushe ba sabo ba ne. A Amurka an kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kurame mai suna National Theatre of the Deaf a 1967, shekara ɗaya bayan nan a 1968 suka fitar da ɓangaren yara mai suna Little Theatre of the Deaf suna yawo makarantu. Tsarinsu ya juya namu ne, ɗan wasa kurma shi ne a tsakiya yana magana da hannu, mai ji shi ne yake ba da murya saboda 'yan kallo masu ji. Deaf West a Los Angeles tun 1991 haka suke, har wasan waƙe-waƙe suka kai Broadway, babbar cibiyar wasan kwaikwayo a New York. A Ingila akwai Deafinitely Theatre da aka kafa 2002, kurame ke jagoranta kuma suna yin na yara. A Faransa ma akwai irin wannan ƙungiya a yankin Paris tun shekarun 1970. Ban kawo su don a ce sai mun yi irin nasu ba, ba mu da kuɗinsu, na kawo su ne don a san cewa ba mai fassara kaɗai ne mafita ba.

Kuma mu ai muna da namu. Ki tuna tashe. Yaro ya cusa tsumma a riga ya yi ƙaton ciki, ya manna gemu ya riƙe sanda yana rawar jiki, tun daga nesa kafin ki ji waƙar kin san tsoho ne. Wanda aka ɗaure da igiya ana jan sa, kin san gwauro ake tsokana. Yaranmu sun iya wasa da jiki, mu malamai ne muke kashe shi da dogayen jawabai da ake haddacewa a tsaya ƙyam a gaban makirfo ana zubawa.

To ki ɗauki rubutun ki bi shi layi layi kina tambaya, in na toshe kunne zan gane wannan? Duk abin da za a iya nunawa kar a faɗe shi. Kar ƙoƙi ta ce gizo ya sace nama, a ga gizo yana sanɗa yana cusa naman a hula, mai yana ɗiga masa a goshi yana fama sharewa a gaban sarki. Wannan kurma da mai ji lokaci ɗaya za su yi dariya, kuma wannan dariyar ta lokaci ɗaya ita ake nema.

Akwai wuri ɗaya da zai ba ki wahala. Rabin abin dariyar gizo tsamin bakinsa ne, kuma wannan na kunne ne zalla, ba mai fassarar da zai iya kawo shi. Sai an nemo masa wani abu na ido da zai tsaya a madadinsa, wata irin tafiya, ko wani motsi da yake yi duk lokacin da zai shara ƙarya, misali ya sosa ƙeya ya kalli sama, in ya yi sau biyu a na uku yara da kansu za su riga shi. Wannan malamin kurman shi zai fi kowa iya ƙirƙiro shi.

Wani abu kuma, ki koya wa yaranki su daina magana da aiki lokaci guda a wuraren da suka fi muhimmanci. A faɗi magana, a ɗan dakata, sannan a yi aikin. Daƙiƙa biyu kawai, amma ita ke ba ido damar barin hannu ya koma kan ɗan wasa. Sannan wanda zai yi magana ya fara motsawa kafin ya buɗe baki, domin mai ji yana gane mai magana ta murya, kurma sai ya ga wanda ya motsa.

Waƙa kuwa kar ki cire ta. Ki samo ganga babba mai zurfin sauti ba kalangu ba, a ajiye ta kusa da layin gaba, in dandamalin ko bencin katako ne ma ya fi, bugun yana bi ta ƙafa da ƙirji. Wasu suna raba wa yara balan-balan su riƙe a hannu, tana rawa da sautin. Amshin waƙar kuma ki sa duk 'yan wasa su yi shi da hannu tare, layi ɗaya ne ko biyu, yara a sati ɗaya sun kama.

Hadjia_Maradi:

Sannunku da hira. Ni daga Maraɗi nike, ɗiyata kurma ce. Mu ma nan Nijar yaren hannu na lakwal, wato na makaranta, daga wancan Bature baƙi Andrew Foster ya samo asali, sai dai an gauraya shi da Faransanci, a gida kuma namu na gari mukai da ita.

Abu guda nika so in ƙara wanda ba a taɓo ba, 'yan kallo masu ji. Malama ki shirya yaranki da iyayensu tun kafin ranar. Kun san yadda ake maida bebe abin dariya, a unguwa yara na bin shi da tsokana, a finafinai ma in an sako shi don a yi dariya ne. In yaran nan sun shigo aka bi su da ido ana nuna su ana kwaikwayon hannunsu, ko me kika tsara a dandamali ya lalace. Ki shiga aji aji ki koya musu sallama da hannu, da sannu da zuwa, da yadda ake tafi, kurame ba su jin tafi, hannuwa ake ɗagawa sama ana kaɗawa. Kuma dan Allah mai gabatarwa kar ya tashi yana cewa ga bayin Allah abin tausayi a taimaka musu. Baƙi ne aka gayyato kallon wasa. Ɗiyata in ta ga fuskar tausayi nan take take tsuke fuska ta ce mu tafi gida.

Sannan jawaban da ake yi kafin wasa, na shugaba da na babban baƙo da rabon kyauta, su ma a fassara su. Kar a zaunar da yara awa biyu ba su san abin da ake ba sai lokacin dirama.

Maman_Ilham:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam Abba gobe in sha Allah zan nemi izinin zuwa makarantar. Amma ga inda nake tsoro, shugaba za ta ce kuɗin mutum biyu da zirga-zirgar rihasal daga ina. Kuma in aka sa yara kurame a wasan ta yaya za su san lokacin shigowarsu tunda ba sa jin layin da ya gabata?

Tafinta_Zazzau:

Na biyun mai sauƙi ne Malama, alamar ido ake ba su. In sarki ya buga sandarsa a ƙasa ko ya ɗaga mafici, lokacin shiga ya yi. Ko wani ya tsaya a bayan labule ya taɓa kafaɗa. Za ki sha mamaki, sun fi masu ji kula da irin wannan.

Maganar kuɗi, ki tuna wa shugaba cewa akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018 wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ba wai don a tsorata ta ba, don ta san abin ba alfarma ba ne. In kuɗin ya gagara ki leƙa sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero (BUK) ko kwalejin ilimi, ɗaliban shekarar ƙarshe suna neman inda za su gwada hannunsu, kuɗin mota da abinci ya ishe su. Amma ki bari malamin kurman ya gwada su tukuna, shi zai ce wannan ana gane shi wannan ba a gane shi.

Abba_Kurma:

Tafinta na yarda da kai amma ban da abu ɗaya. Kowa yana lissafin kuɗin mai fassara, ba wanda ya lissafa na malamin kurman da zai zo ya gyara wasan, ya ƙirƙiro motsin gizo, ya tantance ɗalibai. Kullum haka ake mana, mai ji a biya shi, kurma a ce masa Allah ya saka. In kuɗin mutum biyu ne kawai ake da shi, ni a ganina ɗaya mai fassara ɗaya kurma mai ba da labari. Kurman ya tsaya a kan dandamali a matsayin mai tatsuniya, shi zai buɗe da ga ta nan ga ta nanku da hannu, wata yarinya mai ji ta ba da murya, kafin kowane fitowa ya ba da abin da zai faru a taƙaice, sai yara su saki ido su kalli wasa ba tare da waige ba. Mai fassara kuma ya riƙe maganganun cikin fada da jawabai.

Malama in kin je ki tambayi shekarun yaran da ajinsu da yawan waɗanda za su zo, ki dawo ki faɗa mana. In 'yan aji ɗaya da biyu sun fi yawa to minti arba'in ya yi tsawo, sai an rage fitowa ɗaya.